Faifai Biyu daga Gadar Xiaobei

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik ina da ɗan shago a benen Tianxiu, a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou. Shagon bai fi ɗakin ajiyar kaya girma ba. Idan baƙi uku suka shigo, na huɗu sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo hannu a gaisa. Sana'ata injin kallon faifai ne da ƙananan talabijin. Nakan sayo su daga wata masana'anta a Panyu, in gwada su ɗaya bayan ɗaya, in mayar cikin kwali, in aika wa mutanena a Kano da Maraɗi.

Daminar nan kasuwa ta mutu murus. An tsananta wajen ba da biza saboda wasannin, 'yan kasuwarmu da suka saba zuwa a kai a kai suka ɗauke ƙafa. Barandar da a da sai ka yi ta cewa gafara kafin ka wuce ta koma kana jiyo ƙarar fankar maƙwabcinka. Ga zafi mai ɗanƙo, irin wanda kana fitowa daga wanka ka fara gumi. Yawancin yini a zaune nake ƙare shi, ina gwada injinan da babu mai saurin ɗauka.

Faifan da nake gwaji da shi na waƙoƙin Sinawa ne, ya sha aiki har ya fara tsalle. Wata rana bayan azahar na sauka na hau gadar masu tafiya a ƙafa da ke gaban benenmu, inda wani tsoho Basine yake buɗe akwatinsa na faifai. Na ce masa, "Nihau, lawban," wato sannu maigida, na kwaikwayi gudu da hannuwana don ya gane na wasanni nake so. Ya girgiza kai ya ce "meyo", babu ke nan. Har na juya sai ya kama gefen rigata, ya tona ƙasan akwatin ya zaro wani kwali mai faifai biyu a ciki. Rubutun jikinsa duk na Sinanci ne. A bangon akwai hoton wani ƙato yana shirin jifa da wani abu mai kama da faranti. Na karɓa na koma sama.

Faifan farko tsohon fim ne, baƙi da fari. Na sa shi ne don in ga ko inji yana aiki, sai ga ni zaune a kan kwali ban motsa ba har aka kira la'asar. Wasannin Olamfik ne na wani zamani can baya, amma ban taɓa ganin an ɗauki wasa haka ba. Za ka ga jijiyar wuyan mai gudu, ka ga ƙafarsa tana barin ƙasa a hankali. Akwai wani baƙin Ba'amurke da yake tsere wa Turawa kamar sun tsaya jiransa, na yi ta mayar da wurin baya ina dariya ni kaɗai. Abin da ya fi kama ni shi ne masu tsalle cikin ruwa. Sai su faɗo daga sama ɗaya bayan ɗaya, har ka daina ganin ruwan, ka ga mutane kawai suna juyi a cikin gajimare. A farkon fim ɗin ma akwai masu gudu da wutar yola, fitilar nan da ake miƙa wa juna daga gari zuwa gari. Wannan ya ƙara mini sonsa, don watanni kaɗan kafin nan an wuce da irin wutar ta cikin Guangzhou, na shiga cunkoso na tsaya a rana, ban ga komai ba sai tutoci da ƙeyar mutane, amma na dawo ina jin na halarci babban abu.

Sai da aka kwana biyu na sa faifai na biyu. Shi ba wasa ba ne. Jirgin sama ne a cikin gajimare, sannan wani tsohon gari cike da tutoci, mata suna ɗaga yara sama, kowa yana murmushi. Daga nan sai sahu-sahun maza, dubbai a fili ɗaya, wasu da shebur a kafaɗa kamar bindiga, babu wanda ƙafarsa ta saɓa da ta ɗan'uwansa. Sai mutumin da suke jira ya hau mumbari ya fara magana.

Na gane fuskarsa. Shugaban Jamus ne na lokacin yaƙin duniya na biyu, mai ɗan guntun gashin bakin nan. Amma abin da na sani a kansa bai taka kara ya karya ba. A firamarenmu akwai wani hedimasta mai zafin bulala da muka laƙaba wa sunansa. Tsofaffin unguwarmu kuma, idan hira ta kai kan sojojin da aka kwasa zuwa yaƙin Bama, sukan ce shi ne ya hana Turawan Ingila barci. Na taɓa jin an ce ya kashe Yahudawa, amma na ji shi ne kamar yadda ake jin labarin yaƙin da aka yi kafin a haifi uban mutum. Jamusanci kuwa ko kalma ɗaya ban sani ba. Abin da na lura da shi kawai, faifan yana da sauti. Idan aka buga gangunan nan, taron ya amsa da murya ɗaya, lasifikar ɗan ƙaramin talabijin sai ta yi kamar ta babban sinima. Mutanenmu kuwa suna son kaya mai ƙara. Sai na mayar da shi faifan gwajin sauti. Kuma ba zan ɓoye ba, duk lokacin da taron ya amsa, tsigar jikina takan tashi.

A cikin 'yan baƙin da suka samu shigowa a lokacin akwai wani Alhaji daga gida, wanda yayana ya haɗa ni da shi. Na hannun daman wani ɗan siyasa ne da kotu ta ce a sake zaɓensu, ya zo yin odar huluna da riguna masu hoton maigidansa. Ni nake raka shi Shisanhang, layin masu sayar da tufafi a sari, ina yi masa ciniki da guntun Sinancina. Ranar da ya fara ganin faifai na biyu a shagona ya cire tabarau ya matso da kujera. Ya kalla har ƙarshe. Da zai tafi ya ce, "Malam, wannan ka ajiye mini shi, da shi zan koma." Na ce ai ba komai, ranar tafiyarsa ya biyo ya karɓa.

Mutumin da yake aika mini kaya ta ruwa ɗan zangon Kumasi ne, ofishinsa yana saman namu. Ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan Kano. Mutum ne mai barkwanci, ba ya wuce shago bai tsokani mai shi ba. Idan kana masa magana yakan juyo maka da kunnensa na dama, na ɗauka ɗabi'a ce kawai. Na san ya yi shekaru a Hamburg ta ƙasar Jamus kafin ya dawo China, amma bai cika zancen can ba.

Wata safiya ya sauko ya gaya mini an samu wuri a kwantena. Ya tarar na ƙure sautin faifai na biyu ina gwada wani sabon talabijin, daidai inda taron yake ɗaga hannu yana maimaita wasu kalmomi guda biyu. Ya tsaya a bakin ƙofa. Na yi masa sannu da zuwa. Idonsa na kan talabijin ɗin.

A hankali ya ce, "Kashe."

Na ɗauka wasa yake, na ce, "Yaya, ai kai ne za ka fassara mana, tunda yarenku ne."

Ya ratsa ta gabana ya fizge wayar daga soket, har talabijin ɗin ya kusa faɗowa. Sannan ya zauna a kan kwali ya dafe gwiwoyinsa, yana numfashi kamar wanda ya hawo benen da ƙafa. Na tsiyaya masa ruwa, ya karɓa ya kurɓa.

Da ya ɗan natsu ya nuna kunnensa na hagu ya ce, "Ɗan Kano, ka san me ya sa ba na ji da wannan?"

Ya ce a shekarunsa na farko a Jamus ya je wani gari a gabashin ƙasar neman aiki, lokacin sanyi. Yana jiran jirgin ƙasa a tasha da rana tsaka sai wasu samari masu askin ƙwal-kwabo suka kewaye shi. Suka ɗaga hannu kamar yadda na gani a faifan, suna faɗin kalmomin nan biyu. Suka kayar da shi suka yi ta shurinsa da takalman ƙarfe. Akwai mutane a tashar, ya ce, wani ma jarida yake karantawa bai sauke ta ba. A asibiti ya farka.

"Shekara nawa ban ji wannan murya ba," in ji shi. "Sai yau, a shagon ɗan'uwana Musulmi."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce wallahi ban sani ba, sautin kawai nake amfani da shi. Ya ce ya sani. Can sai ya ce in mayar da wayar, in rage murya. Na ce a bar shi mana. Ya ce a'a, tunda na kalla ban gane ba, gara in kalla in gane.

Muka zauna yana fassara mini. Ina ta jiran in ji an ambaci kisa ko yaƙi, amma yawanci maganar haɗin kai ce da biyayya da aiki da girman ƙasa, irin maganar da duk wanda ya taɓa tsayawa a taron siyasa ya saba ji. Babu jini ko ɗigo. Yara ne masu kyau, da furanni, da mata a taga. Na ce, "To Yaya, ai ban ga abin tsoro a nan ba."

Ya ce, "Abin tsoron ke nan. An yi shi ne don kada ka gani."

Daga nan ya gaya mini abin da ya biyo bayan taron, shekaru kaɗan tsakani. Yadda aka riƙa bi gida-gida ana kwashe Yahudawa, da wata ƙabila ta masu yawo, da naƙasassu, da duk wanda aka ce jininsa ba mai tsabta ba ne. Yadda ake cusa su a taragon dabbobi. Yadda ake ce musu su tuɓe za a yi musu wanka, a rufe ƙofa a sako iska mai guba, da tsofaffi da jarirai, miliyoyin mutane. Ya ce akwai wani sansani a bayan garin Hamburg da ya taɓa zuwa gani wata Lahadi, inda aka sa fursunoni haƙar yumɓu da yin tubali har su mutu a tsaye. Ciyawa ce kore a wurin yanzu, in ji shi, tsuntsaye suna kuka.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na kalli talabijin ɗin, ga wata yarinya tana dariya a kafaɗar ubanta. Na kashe shi da kaina.

Don in ɗan wanke kaina sai na ɗauko faifan farko na ce, "Wannan dai na wasanni ne, shi na fi kallo. Bari ka ga wani baƙi yadda yake wulaƙanta su a tsere." Ya karɓi kwalin ya juya bayansa, inda aka rubuta wani suna da ƙananan haruffan boko a ƙarƙashin Sinancin. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Mutum ɗaya ne ya yi su duka biyu. Wasannin ma a garin shugaban aka yi su, da kuɗinsa. Shi ya ɗauki taron, shi ya ɗauki masu tsallen ruwan naka."

Na ce, "Wane irin mutum ne wannan? Soja ne?"

"Wane soja? Ɗan rawa ne a da, ya yi wasan fim, kyakkyawa. Mace ne."

Hausar zango ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne, shi ya sa tun da ya fara magana nake zana wani ƙaton Bature mai kaki a raina. Sai da na sake tambaya. Ya ce mace, mace kamar uwata da tasa. Ya ce ta haura shekara ɗari a duniya, ba ta daɗe da mutuwa ba ma. Ya sha ganinta a talabijin a Jamus, tsohuwa tsaf da ita, an gyara mata gashi, ana tambayarta tana cewa ita ba ta san abin da ake yi ba, aikin hoto kawai ta sani. Bayan yaƙi har Sudan ta je ta zauna cikin wasu baƙaƙen mutane 'yan kokawa tana ɗaukarsu hoto, aka buga littattafai aka sayar. Ya ƙara da cewa gudun da ake yi da wutar yola daga ƙasa zuwa ƙasa, wanda na tsaya a rana don in gani, a waɗancan wasannin aka fara shi.

Na koma na zauna. Abin da ya fi girgiza ni ba wai mugu ya samu mai ɗaukarsa hoto ba ne, wannan ko'ina akwai. A'a, idon da ya ga kyawun mai tsalle cikin ruwa har ya sa ni mance la'asar, shi ne idon da ya tsaya a ƙarƙashin mumbarin nan ya mayar da makashi abin sha'awa. Kuma duka biyun sun yi aiki a kaina, ni ɗan Kano da ban san yarenta ba, shekara saba'in bayan ta gama aikinta.

Washegari na shiga wani shagon intanet a ƙasan benenmu na nemi hotunan sansanonin. Ban daɗe ba. Na ga tulin takalma har kusan rufin ɗaki, a cikinsu akwai na yara, irin wanda nake saya wa 'yata idan zan koma gida. Na tashi na fita ban ko rufe shafin ba. Ranar ban iya cin abinci ba sai ruwan shayi.

Ana haka ranar tafiyar Alhaji ta zo. Ya shigo da fara'a, an gama masa hulunansa, ya ce ya zo karɓar alkawari. Na ba shi kujera na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da ban sani ba lokacin da na yi maka alkawarin." Na kwashe komai na gaya masa, tun daga kunnen Yaya har tulin takalman. Ya saurara da kyau, yana goge tabarau da bakin rigarsa. Inda ya kamata ya yi salati ya yi.

Da na gama ya ce, "Allah ya kyauta. Wannan zalunci ne, babu mai musu. Amma Malam, ni ba kisan nake so ba, ɗaukar nake so."

Na ce ban gane ba.

Ya gyara zama ya fara yi mini bayani kamar mai koyar da ɗalibi. Ya ce in lura, kyamara kullum daga ƙasa take kallon shugaban, shi ya sa yake cika ido, sama ce kawai a bayansa. Taron kuma daga sama ake ɗaukarsa, don kada ka ga mutum ɗaya, sai dai jama'a. Ya ce in lura ba a nuna shi da wuri, sai an nuna fuskokin masu jira tukuna, har kai mai kallo ka ƙosa. "Maigidana gajere ne, ka gane? Masu ɗaukar mana bidiyo sai su tsaya a kan mota su ɗauko shi kamar ɗan makaranta. Wannan faifan zan ba su su zauna su yi karatunsa."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ni da na kalli faifan sau ba adadi ban lura da ko ɗaya ba, shi kallo ɗaya ya yi ya kwashe. Na ce, "Alhaji, amma ka ji abin da aka yi da shi."

"Na ji. Mu ai ba Jamusawa ba ne. Wa za mu kashe? Ƙuri'a muke nema."

Na ce ya yi haƙuri, ba zan iya ba shi ba. Na ɗauka zai yi fushi, har na fara tunanin abin da zan gaya wa yayana da ya haɗa mu. Ko kaɗan bai yi ba. Ya miƙe ya ce ba komai, kowa da fahimtarsa, ya yi mini godiyar ɗawainiya ya fita. Ban gama shan shayin da ke gabana ba sai ga shi ya dawo ya leƙo ta ƙofa, yana ɗaga wani kwali irin nawa sak. Ya ce tsohon kan gada yana da su da yawa, hannu kawai ya ɗaga masa ya gane. Ya ce in gaida yara, ya wuce.

Na hau sama na gaya wa Yaya. Na ɗauka zai zabura, sai kawai ya ci gaba da ɗaure kwalin da ke gabansa. Ya ce a Turai ma ana koyar da finafinan matar a makarantun koyon fim, masu talla da masu ɗaukar wasanni duk sun sha daga wurinta, ko sun sani ko ba su sani ba. "Kai dai ka hana naka. Shi ke nan abin da ke hannunka."

Faifai na biyu na karya shi gida biyu na jefa a shara. Na farkon na kasa. Na sa shi a aljihun tebur, ban sake kunna shi ba, ban kuma yar ba, har lokacin da na tashi daga shagon na bar shi a ciki. Gwaji kuwa na koma yi da wani faifan zanen yara mai kyanwa da ɓera.

Ranar buɗe wasannin ni da Yaya mun kalli bikin tare a wani gidan abinci na Musulmin China, cike da 'yan Najeriya da Nijar da Mali. Da dubban makaɗan nan suka buga ganga lokaci ɗaya, wurin ya ɗauki sowa. Ni ma abin ya burge ni, amma na tsinci kaina ina neman inda kyamara take tsaye, daga ƙasa ne ko daga sama, kuma me aka bari a waje. Na raɗa wa Yaya a kunnensa na dama cewa jikina ya yi sanyi. Ya ce, "Kada ka zama wawa, ɗan Kano. Ba duk ganga ce ta yaƙi ba. Waɗannan baƙi suke wa maraba. Ka ci abincinka." Na ci, amma har yau haka nake kallon duk wani babban taro a talabijin, ban iya dainawa ba.

Bayan an gama wasannin, wata rana da rana muka je cin taliyar hannu a wani ɗan shago bayan masallaci. Muna jira a kawo sai Yaya ya ce akwai abin da bai gaya mini ba ran nan, don ya ga na riga na cika.

Ya ce bayan ya warke ya samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Hamburg, yana yi musu wanka da canjin kaya. Wasunsu ba sa yarda ya taɓa su. Amma akwai wani tsoho guda, fatarsa wankan tarwaɗa, gashinsa irin namu ya yi fari fat, Bajamushe ne haihuwa da girma, bai san wani yare ba sai Jamusanci. Ubansa sojan Afirka ne cikin rundunar Faransa da aka girke a yammacin Jamus bayan yaƙin duniya na farko. An mayar da sojan ƙasarsu tun yaron yana ciki. A zamanin shugaban nan, yana ɗan saurayi, aka zo aka ɗauke shi daga gida aka kai shi asibiti, aka yi masa aikin da ba zai taɓa haihuwa ba, don kada jininsa ya gauraya da nasu. Ba shi kaɗai ba, haka aka bi irinsu. Ya yi aure daga baya, matar ta mutu, babu ɗa babu jika. Babu mai zuwa duba shi.

Na ajiye cokalin da na ɗauka. Na ce, "Uban nasa ɗan wace ƙasa ne?"

Yaya ya ce tsohon ma bai sani ba. Abu ɗaya uwarsa ta riƙe, wata kalma da sojan yake faɗa mata duk lokacin da ya shigo, ita ta koya wa ɗan. Tsohon yakan riƙe hannun Yaya ya faɗe ta da harshensa na Bajamushe, ya tambaye shi ko ya san ma'anarta. Wani abu kamar "nangadef". Yaya ya juya ta a Hausa, ya juya ta a Asanti da Dagbani, bai samu komai ba. Ya yi masa alkawarin zai tambaya, sai hidima ta sha kansa, tsohon kuma ya rasu a wani lokacin sanyi. Su uku suka raka gawarsa, duk ma'aikatan gidan.

"A nan na ji ta," in ji Yaya. "A cikin liftar Tianxiu, satin da na zo. Wasu 'yan Senegal biyu suka haɗu, ɗaya ya miƙa wa ɗaya hannu ya faɗe ta. Na kama hannun mutumin na ce me ka ce? Ya tsorata. Ya ce gaisuwa ce kawai a yarensu. Wai yaya kake."

Aka kawo taliyar tana tururi. Muka zauna muna kallonta, babu wanda ya taɓa tasa, har mai shagon ya zo ya tambaya da hannu ko gishiri ne ya yi yawa. Yaya ya ce masa a'a, lafiya lau, ya ja kwanonsa ya yi bisimilla. Ni ma na ja nawa.